Wadda ta yi ƙarya don ta kama maƙaryaci

A shekarar 2000 Benoît Jacquot ya fitar da fim ɗin La Fausse Suivante, daga wasan kwaikwayon da Marivaux ya rubuta, wanda aka fara nunawa a birnin Paris a 1724. A cikin gidan wasan da babu ɗan kallo ko ɗaya ya ɗauki fim ɗin, 'yan wasa sanye da tufafin ƙarni na 18. Babu fada, babu lambu, babu dawaki. Fuskoki ne kawai da maganar kuɗi.

Wata budurwar Paris mai dukiya aka shirya wa aure da wani saurayi, Leliyo, wanda ba su taɓa ganin juna ba. Sai ta yi shigar maza, ta fito a matsayin wani ɗan masu sarauta, ta ƙulla abota da shi. Sandrine Kiberlain ce ta fito a budurwar, Mathieu Amalric kuma Leliyo. Da ya saki jiki da sabon abokinsa, sai ya fasa ƙwai. Ashe akwai alkawarin aure tsakaninsa da wata mai sarauta, Kwantes, wadda Isabelle Huppert ta fito a matsayinta. A kuɗin Faransa na lokacin, Kwantes na samun liba 6,000 a shekara, budurwar Paris kuwa 12,000, don haka lissafinsa ya koma kan ta biyun. Abin da ya ɗaure shi takarda ce da suka sa wa hannu: duk wanda ya fasa auren zai biya ɗayan eku 10,000, ga kuma bashin wani eku 10,000 da take binsa. Sai ya roƙi abokin nasa ya sace zuciyar Kwantes, don ita ta fasa, ita ta biya. Har ya gaya masa cewa matar da zai aura, bayan ɗan lokaci kaɗan, wani gidan gona mai nisa zai kai ta ya ajiye. Matar kuwa ita ce a tsaye gabansa da takobi a ƙugu.

Tambayar da ta dame ni ita ce: tana da haƙƙin yin abin da ta yi?

Haƙƙin sani dai nata ne, ba na tantama. Macen wancan zamanin a Faransa idan ta yi aure, ragamar dukiyarta a hannun miji take komawa, saki kuma babu shi a dokar ƙasar sai a 1792. Kuskure guda, rayuwa ta tafi. Addininmu ma bai ɗauki wannan haƙƙi da wasa ba. A Sahihu Muslim, Fatima bint Ƙais ta sanar da Annabi (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm na neman aurenta, ya faɗa mata aibin kowannensu a fili, ɗaya talauci, ɗaya tsanani ga mata, ya nuna mata Usama bin Zaid. Imam Nawawi ya lissafa irin wannan shawara cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Binciken da iyaye ke yi a ƙasar Hausa kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a tambayi maƙwabta da abokan sana'a da liman, kan wannan tushe yake. Budurwar Marivaux ba ta sami wanda zai yi mata wannan aiki ba. Mijin yayarta da ya ƙulla zancen, yabon saurayin kawai ya aiko. Wanda aka bari shi kaɗai a bakin rijiya, ba na gaggawar zarginsa don ya leƙa.

Amma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Annabi kuma ya barranta daga mai algus. Sassaucin yin ƙarya da aka ruwaito daga Ummu Kulsum bint Uƙba a wurare uku ne: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Neman aure ba ya cikinsu. Jabir bin Abdullahi ya laɓe don ya ga wadda yake son aura, amma laɓewa daban, canza suna da kama daban. Don haka ko matakinta na farko ba zan kira shi halal ba. Uzuri nake mata, uzurin wanda aka matse.

Inda uzurin ya ƙare shi ne abin da ya fi ci mini rai. Tun a kashin farko na wasan ta riga ta ji komai daga bakin Leliyo. Bincike ya kammala, tana iya komawa gida ta ce ba ta yi. Sai ta zauna, ta karɓi aikin da ya ba ta, ta shiga yi wa Kwantes zance. Ta ce don ta hukunta mayaudari ne, ta kuma ceci matar daga hannunsa. To, ceton mutum ai yana da hanya mai sauƙi: a keɓe da shi, a gaya masa gaskiya. Ita kuwa sai ta bi ta zuciyar matar. Ta yi ta zuba mata kalamai har Kwantes ta kamu da son mutumin da babu shi a duniya. Huppert ta nuna wannan da kyau, mace mai kamun kai tana sassautowa sannu a hankali, tana jin kunyar kanta, tana kuma jin daɗi. Kwantes ba ta nemi auren kowa don kuɗi ba. Laifinta saurin sauya masoyi, wanda bai kai a maishe ta tarko ba.

Ƙarya kuma ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Da barori suka gano mace ce, Tiribelin (Pierre Arditi ya fito a shi) da Arlekin, sai ta ƙara wata, ta ce ita kuyangar budurwar Paris ce da aka aiko leƙen asiri. Daga nan suka riƙa tatsar ta kuɗin rufe baki. Kowa a gidan ya koma mai saye da sayar da asiri. Marivaux ya san abin da kwaɗayi ke yi wa jama'a, domin shi kansa ya yi asarar dukiyarsa a 1720, lokacin da tsarin kuɗin takarda na John Law ya rushe.

A ƙarshe ta yi dabara aka yayyaga takardun tarar, ta bayyana ko ita wace ce, Leliyo ya tashi a tutar babu, bashi na nan a wuyansa. Barorin ta ba su zobe su sayar su raba. Kwantes fa? Budurwar ta lallashe ta da cewa soyayya ta salwanta, amma ai kuɗi masu kauri sun tsira. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin da ma'aunin Leliyo ta yi awo, zuciya a gefe guda, eku a ɗaya gefen. Kwantes kuwa ta faɗa mata a fili cewa duk cikin cutar da aka yi mata, babu wadda ta fi tata ciwo, kuma ina ganin gaskiya ta faɗa.