Laifin Iska Ne Ko Na Matuƙi?

A kowace shekara, cikin watan Oktoba, jama'a kan yi dafifi a garin Albuquerque na jihar New Mexico ta ƙasar Amurka, domin kallon bikin tashin balan-balan. An fara wannan biki ne a 1972 da balan-balan 13 kacal, amma yanzu sukan haura 500, kuma akan shafe kwana tara ana yi. Magidanci kan ɗebi iyalinsa tun da asuba, cikin sanyi, su shiga filin su yi ta yawo tsakanin waɗannan manyan buhuna masu launi iri-iri ana hura su. To, mu abin da ya ja hankalinmu a nan wata tsohuwar tambaya ce: idan al'amari ya ɓaci, ina iyakar alhakin ɗan Adam?

Bari mu fara duba yadda abin yake aiki. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Saboda haka matuƙi, yana tsaye cikin kwando, sai ya kunna wutar gas ta dumama iskar da ke cikin buhun, shi kuwa ya yi sama. In ya bar ta ta huce sai ya yi ƙasa. Da wutar kara da ulu 'yan'uwan nan biyu, Montgolfier, suka fara nuna wannan hikima a Faransa a 1783. A watan Satumba na shekarar sun ɗora tunkiya da agwagwa da zakara, a watan Nuwamba kuma mutum biyu suka tashi a birnin Paris. Daga wancan lokaci zuwa yau, abu guda bai sake ba: balan-balan ba shi da sitiyari. Inda iska ta nufa, nan za shi.

Wani zai ce, ashe ke nan matuƙin ba shi da ta cewa, kuma kome ya faru laifin iska ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin babu mahaluƙin da ya isa ya juya iska. Amma fa iska hawa-hawa ce. A Albuquerque, da sanyin safiya, ta kusa da ƙasa takan nufi kudu, ta can sama kuma ta nufi arewa. Gwanin matuƙi sai ya bi ta ƙasa ya tafi, ya ƙara wuta ya hau ta sama ya dawo, har ya sauka kusa da inda ya tashi. Bai halicci iskar ba, amma shi ya zaɓi wadda zai shiga.

Akwai kuma zaɓin da ya fi wannan girma, wato na tashi ko fasawa. A ranar 30 ga Yuli, 2016, wani balan-balan ya ci karo da wayoyin lantarki kusa da garin Lockhart na jihar Texas, mutum 16 suka halaka. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ba ta ɗora laifin kan iska ba. Ta gano cewa matuƙin ya tashi duk da hasashen hazo da gajimare, ya kuma ci gaba da tafiya bayan yanayin ya ɓaci. Ganganci ne ya sa rigar tsautsayi.

Shi ya sa muke ganin cewa darasin bikin Albuquerque yana ƙasa, ba a sama ba. Tun kafin gari ya waye, wasu ƙwararru kan fara tashi domin a ga yadda iska take. Sa'an nan a ɗaga tuta: kore a tashi, rawaya a dakata, ja a fasa. Yaron da ya sha sanyi tun asuba, aka ɗaga jar tuta, ya koma gida bai ga kome ba, lallai zai ji haushi. Amma in ubansa mai hankali ne, zai nuna masa cewa ya ga manya sun haƙura da abin da suke so saboda rayukan mutane. Wannan ya fi kallon launuka amfani.

Mu ma a kwando muke. Ba mu muka zaɓi gidan da aka haife mu ba, ko zamanin da muka tarar. Amma direban da ya cika mota fiye da kima, da ɗalibin da ya tashi fafe gora ranar tafiya, da marubucin da ya kai littafi maɗaba'a bai sake karantawa ba, duk sun ga jar tuta suka tashi. Irin waɗannan ba su da bakin cewa haka aka rubuta.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu kula da taurarin labaranmu. Kada mu bar iska kaɗai ta riƙa kaɗa su daga babi zuwa babi. Mu ba su wuta a hannu, mu nuna wa mai karatu daidai wurin da suka yi zaɓi, sa'an nan mu bar su su girbi abin da suka shuka.