Kwalliyar Feshi a Ma'aunin Shari'a

Kwanan baya wata 'yar ƙanwata, wadda ke koyon sana'ar gyaran jiki da kwalliya, ta kawo mini wani ɗan akwati, ta buɗe, sai ga wata 'yar na'ura mai ƙirar alƙalami, wadda siririn tiyo ya haɗa ta da ƙaramin inji mai hura iska. Ta ce, "Kawu, da wannan ake fesa wa amare hoda yanzu, ba soso ba buroshi. Shin halas ne in ci abinci da ita?" Na ce ta fara nuna mini yadda abin yake, domin malamanmu sun hana a yanke hukunci a kan abin da ba a san surarsa ba.

Ta ɗiga ruwan hoda kaɗan a ɗan ƙoƙon da ke bisa alƙalamin, ta riƙe shi nesa da bayan hannunta kamar taki guda, tana kewayawa a hankali ba tsayawa, iska na fasa ruwan yana sauka kamar raɓa, har wani tsohon tabon ƙuna da na san ta da shi tun ƙuruciya ya ɓace, alhali ido bai ga wani abu da aka shafa ba. A nan ne na gane cewa tambayarta tana da nauyi, gama kwalli da jan baki da lalle, waɗanda iyayenmu suka saba da su, ado ne da ke shelar kansa, duk wanda ya gani ya san an yi. Amma wannan iyakar gwanintarsa ita ce a kasa gane shi. Ba kuwa abin mamaki ba ne, tun da yake na'urar, wadda wani Ba'amurke mai suna Abner Peeler ya ƙera magabaciyarta a 1879, ta daɗe tana aikin gyara hotuna kafin ta koma kan fuskar bil Adama.

To, asalin ƙawa dai halas ne, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Ubangiji Maɗaukaki yana son kyau. Masu tsanantawa sukan kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda aka ambaci alwashin Shaiɗan na sa mutane canza halittar Allah. Sai dai Imamu Ƙurɗubi, a tafsirinsa na wannan aya, ya bayyana cewa hanin ya shafi abin da ke dawwama ne, irin su zanen da ake tsaga fata a cusa masa launi, amma abin da ke gushewa kamar kwalli malamai sun halatta shi, cikinsu har da Imamu Malik. Hodar da sabulu ke wankewa da dare ba ta canza halittar kowa ba.

Inda mas'alar ta yi tsauri wuri biyu ne, kuma na fi jin tsoron na farko, saboda kullum ake faɗawa cikinsa. Ruwan hodar nan iri-iri ne: akwai wanda aka haɗa da ruwa, mai saurin wankuwa, akwai kuma na silikon da na sinadarin alkohol, waɗanda aka yi su musamman don kada gumi ko hawaye su kama su. Abin da ake yabon su da shi a kasuwa, shi ne aibinsu a babin tsarki, domin wanke fuska farilla ce ta alwala, mu kuma Malikawa har cuɗanyawa muka wajabta, kuma fuƙaha'u sun bambanta tsakanin launi tsantsa, kamar na lalle bayan an wanke shi, wanda ba ya hana ruwa isa ga fata, da abu mai jiki wanda ya zama shamaki. Amaryar da aka fesa wa irin wannan da hantsi, ga wuni ga walima har bayan Lisha, in alwalarta ta warware, ko dai ta goge aikin da aka biya kuɗi mai yawa, ko ta shafa ruwa bisa shamaki, ko ta tara salloli zuwa tsakar dare; mun kuwa san wanda aka fi zaɓa, Allah Ya yafe mana.

Na biyu shi ne algus. Rufe tabon ƙuna ga yarinyar da ke jin kunyar shiga mutane sutura ce, ina ma fatan mai yi ta sami lada. Amma albaras yana cikin aibobin da mazhabarmu ta ba wa miji ko mata zaɓin warware aure saboda su idan an ɓoye, don haka wadda ta fesa wa budurwa hoda ranar da manemi zai zo gani, da nufin kada ya san abin da yake da haƙƙin sani, ta yi tarayya cikin yaudara, ko da kuwa hannunta bai taɓa fuskar ba.

Na ce da 'yar ƙanwata ta ci gaba da karatunta, sana'arta halas ce, amma littafin Ahalari da ta karanta a Islamiyya ya riga ya gaya mata cewa baligi ba ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Ina kuma roƙon masu makarantun kwalliya, kamar yadda suke koya wa ɗalibai kwance allurar na'urar da wanke bakinta don kada ya toshe, su koya musu karanta abin da aka haɗa kowace kwalba da shi, da tambayar amarya ko ta yi alwala kafin a kunna inji, da gaya mata gaskiya in hodar ba ta barin ruwa ya ratsa.