Ɗan Sarki a Hannun Abokin Gaba

Agaja, sarkin Dahome, ya ci Alada a 1724, ya ci Wida ta bakin teku a 1727. Bindigogin Turawa suka shigo hannunsa, ya ga kamar babu sauran mai ja da shi. Ashe akwai Oyo, ita kuwa dawaki gare ta.

Da zarar ƙasa ta bushe sai mahayan Alafin, sarkin Oyo, su ɓullo. Agaja ya kwashi jama'arsa ya faɗa daji, Abome, babban birninsa, ta ci wuta, baɗi a sake. Wanda kakanninsa suka ba shi labarin harin Ningawa a Gwaram da Birnin Kudu a ƙarni na 19 ya san wannan zama: ka yi shuka ba ka san wa zai girbe ba.

A 1730 Agaja ya nemi sulhu, ya yarda da biyan haraji duk shekara. Amma wa zai riƙe maganar wanda wuya ta sa ya durƙusa? Sai aka haɗa da jingina, jinginar kuwa ɗansa ne na cikinsa, Tegbesu.

Ba kullum wannan dabara ke ci ba. A 1526 sarkin Faransa, Faransuwa na Ɗaya, ya miƙa 'ya'yansa biyu ƙanana ga Sifaniya don a sake shi. Yana isa gida ya warware alkawari, yaran suka shekara huɗu a tsare. Uba ya yi rantsuwa, 'ya'ya suka yi kaffara.

Shi Tegbesu zamansa a Oyo bai tafi a banza ba. Mutanen Abome ƙurar dawakin Oyo kawai suka sani, shi kuwa ya zauna inda ake ɗaure su. Daga arewa ake sayo su, ta hanyar Nufe, masu kula da su ma da yawa bayi ne 'yan arewa, har da Hausawa. Muddin hanyar nan na buɗe, in doki ɗaya ya faɗi wani na tafe.

Agaja ya rasu a 1740, sarauta ta faɗo kan Tegbesu, alhali ba shi ne babba ba. Oyo ta sake kawo hari, a 1748 ya amince da ci gaba da biyan harajin. Wani zai ce tsoro ne. Ni a ganina sani ne: wanda ya leƙa rijiya ba ya gardamar zurfinta. Kada dai a yi saurin yaba masa, domin dukiyar fadarsa daga sayar da mutane a Wida take fitowa.

Dahome ta yi ta biya har zamanin Gezo, wanda ya hau a 1818. A lokacin Ilori ta yi wa Alafin tawaye, hanyar dawaki ta toshe. Sannan ne Gezo ya ce ba ya biya, Oyo ta turo yaƙi, ya kore ta.