Hazaƙa Amana Ce, Naci Ke Kiwonta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace unguwa tana da mutumin da aka sani da kaifin ƙwaƙwalwa tun yana yaro. A makarantar allo shi ke fara wankewa, a madarsa ko lakwal shi ke kan gaba. Yau ga shi da furfura, littattafansa sun yi ƙura, duk abin da ya soma ba ya kai shi ƙarshe. Idan mun zauna da irinsu sai mu ji magana guda: "Malam, na san abin da ya kamata in yi, jikina ne ya mutu."

Ga asalin ciwon. Yaron da karatu ya zo masa da sauƙi bai koyi maimaici ba, alhali abokinsa mai nauyin fahimta ya saba da biya darasi sau ashirin. Da girma ya zo, al'amurra suka bukaci haƙuri, sai mai hazaƙa ya tarar ba ya da wannan guzuri. Daga nan sai ya ɗauki kaya mai yawa a rana ɗaya, ya gaji, kunya ta kama shi, ya watsar.

Mu tuna da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su. Yana saurayi ya ɗaura niyyar azumi kullum da sauke Alƙur'ani kowane dare. Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da sassautawa, kuma da tsufa ya cim masa ya yi burin da ma ya karɓi rangwamen. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Saboda haka muna nasiha da abubuwa huɗu.

Na farko, a ƙanƙanta aiki. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Mai haddar da ta zube, idan ya riƙe sumuni guda kullum, zai kewaye shi cikin wata 16. Arba'una ta Imamu Nawawi hadisi 42 ce. Hadisi ɗaya a mako, ba a cika shekara ba an gama. Mai sana'a ma ya yanka aikinsa haka. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, a ɗaure aikin ga salla. Wanda ya ce "idan na samu lokaci" ba zai samu ba. Ya ce "bayan Asuba, kafin in taɓa wayar salula."

Na uku, a nemi malami da abokin karatu. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ke hannun ɗalibanmu, ya ware babi kan zaɓen malami da aboki, da wani kan ƙwazo da dagewa. Mai hazaƙa yakan ji nauyin zama gaban wani ya ce bai sani ba. Wannan girman kai ne, a yaƙe shi.

Na huɗu, wanda ya yi fashin kwana ɗaya ya koma washegari, kada ya jira Azumi ko sabuwar shekara.

Amma idan mutuwar jikin ta haɗu da rashin barci, da ƙin abinci, da baƙin ciki na makonni, to a ga likita, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Ku kuma dangi, ku daina yi masa gori da abin da ya kasance a yarinta.

Za a tambaye mu rayuwarmu inda muka ƙarar da ita, da iliminmu abin da muka aikata da shi. Allah Ya tsare mu daga kasala da gajiyawa, Ya sa mu dace. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.