Mashigin Jibralta, Ƙofar da Ke Shayar da Bahar Rum

Mutanenmu da Allah Ya hore wa halin zuwa hutu Turai, galibinsu Landan suke nufa ko Faris, su zaga kantuna, su dawo da tsaraba. Ba laifi. Amma da za a nemi shawarata, sai in ce a gangara can ƙarshen kudancin Sifaniya, ƙasar da littattafanmu suke kira Andalus, a sauka a wani ɗan gari mai fararen gidaje da ake kira Tarifa. A nan ƙasar Turai ta ƙare. Wanda ya tsaya a bakin ruwa zai hango duwatsun Maroko ƙuru-ƙuru, domin a inda nahiyoyin biyu suka fi kusantar juna, kilomita 14 ne kacal a tsakaninsu. Ta wannan 'yar kafa Allah Yake shayar da teku guda sukutum.

Bahar Rum teku ne mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.5, ƙasashe fiye da 20 suna kewaye da shi. Koguna suna zuba a cikinsa, Nilu da Ron da Po da Ebro, ana kuma yi masa ruwan sama, amma duk wannan bai kai abin da rana da busasshiyar iska suke kwashewa ba. Kamar tukunya ce a kan murhu, tana ƙonewa ana ƙara mata ruwa. Da za a daina ƙarin, kowace shekara ruwan zai ja baya da rabin mita zuwa mita guda. Abin da ya hana haka shi ne Tekun Atilantika, wanda yake kwararowa ta Mashigin Jibralta dare da rana, ruwan da ya kusa murabba'in mita miliyan guda mai zurfin mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Duk kogunan da ke zuba a Bahar Rum, ko an haɗa su wuri guda, ba su kama ƙafar wannan ba.

Wannan ya daɗe yana ɗaure wa matuƙa jiragen ruwa kai. Kullum ruwa shiga yake yi, ba a taɓa ganin ya fita ba, tekun kuma bai cika ya tumbatsa ba. To ina yake zuwa? Amsar tana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ruwan da ya shiga, rana takan ƙone wani sashe nasa, gishirin ya rage a baya. Atilantika yana da gishiri kimanin giram 36 a kowane kilo na ruwa, Bahar Rum kuwa 38, a gabashinsa har 39. Ɗan wannan bambanci ya isa ya sa ruwan ya yi nauyi ya nutse, ya bi ƙarƙashi ya komo yamma, ya haure wani tudu da ke ƙasan mashigin a zurfin kusan mita 300, ya zube cikin Atilantika. Ke nan a kafa ɗaya, a lokaci ɗaya, ruwa biyu ne suke wucewa, na sama ya nufi gabas, na ƙasa ya nufi yamma. Wani Ba'italiye mai suna Luigi Marsigli ya bayyana irin wannan a mashigin Istanbul tun 1681, na Jibralta kuma an tabbatar da shi da awo wajen 1870. Har yau masu bincike suna gane wancan ruwa mai gishiri can cikin Atilantika, a zurfin kimanin mita 1,000, ya yi tafiya mai nisa bai gama narkewa cikin sauran ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya auna wannan. Da shiga kawai ake yi babu fita, da gishiri ya taru ya kashe tekun.

Mai karatu zai tuna haɗuwar tekuna biyu da aka ambata a Suratur Rahman da Suratul Furƙan, kuma ana yawan yaɗa hotuna ana cewa ga wurin. Ina ganin a yi hattara. Ayar Furƙan ruwan daɗi da ruwan zartsi ta ambata, a nan kuwa duka biyun na gishiri ne. Abin da ke Jibralta aya ce daga ayoyin Allah a cikin halitta, ba ya bukatar a ɗora masa tafsirin da malamai ba su yi ba.

Masana ilimin ƙasa sun ce an taɓa rufe ƙofar. A 1970 wani jirgin bincike, Glomar Challenger, ya haƙa ƙasan Bahar Rum, sai ya ciro irin duwatsun gishiri da ba sa samuwa sai inda ruwa ya ƙafe. Daga baya aka gano shimfiɗar gishiri a ƙarƙashin tekun wadda kaurinta a wasu wurare ya zarce kilomita guda. Lissafinsu ya nuna kusan shekara miliyan 6 da suka wuce motsin ƙasa ya toshe hanyar Atilantika, ruwan ya yi ƙasa ƙwarai, sannan wajen shekara miliyan 5.3 da suka wuce mashigin ya buɗe, teku ya dawo. Jiragen da suke kai alhazai da 'yan kasuwa tsakanin Iskandariyya da Tunis da Andalus, duk a kan wannan gishiri suka riƙa wucewa ba su sani ba.

Ba ruwa kaɗai ke bin ƙofar ba. Daga Afrilu zuwa Yuni manyan kifayen tuna suke shigowa daga Atilantika don su yi ƙwai a ruwa mai ɗumi, musamman kusa da tsibiran Baliyar. Guda ɗaya yakan kai kilo 200, wani ya ninka haka. Masuntan Barbate da Konil da Zahara da Tarifa suna kafa musu wani tarko na taru mai ɗakuna-ɗakuna, dabarar da aka gada tun zamanin Finiƙiyawa, waɗanda suka kafa birnin Kadis a wannan gaɓa kusan shekara 3,000 da suka wuce. Kusa da Tarifa, a bakin rairayin Boloniya, akwai kufan wani garin Rumawa, Baelo Claudia, inda har yau ramukan da suke jiƙa kifi da gishiri suna nan. Dauloli sun zo sun shuɗe, kifin bai saɓa lokacinsa ba.

Amma abin da ya fi kama zuciyata yana sama. Manyan tsuntsaye masu faffaɗan fiffike, irin su ungulu da shirwa da gaggafa da farar shamuwar Turai, ba su iya doguwar tafiya da kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi, su ware fiffike ta ɗaga su suna kewayawa har su yi sama, sannan su sulalo zuwa inda wata iskar take tashi. Teku ba ya ba da irin wannan iska. Saboda haka duk irin wannan tsuntsu da ya taso daga Faransa ko Jamus ko Holan zai nufi Afirka, sai ya nemi inda ruwan ya fi ƙunci, kuma a yammacin Turai babu kamar nan. Daga Agusta zuwa Oktoba dubban ɗaruruwa suke taruwa a kan tuddan Tarifa, su hau sama iya hawa, su miƙa. Kilomita 14 ne, amma wanda iska ta kaɗa ko ƙarfinsa ya ƙare, cikin ruwa zai faɗa.

Ina suke zuwa? Da yawansu wajenmu. Farar shamuwar yammacin Turai takan ƙetare Sahara ta yi rani a Sahel, daga Senegal da Mali zuwa Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, tana cin fara a gonakin da aka girbe. 'Yar'uwa ce ga shamuwarmu mai bushara da damina, sai dai ita tamu ba ta barin Afirka. Akwai kuma wani shaho mai cin 'ya'yan rina da na zuma, wanda iyayensa suke riga shi tashi, shi kuma ya biyo baya shi kaɗai, bai taɓa ganin hanyar ba, ya isa dazuzzukan Afirka. Wa ya nuna masa kudu? Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa da hunturu ba, har wasu suna cewa a cikin taɓo suke kwana. Sai a 1822 aka samu wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi dubban kilomita da shi. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Akwai abin baƙin ciki a wannan gaɓa da bai kamata mai hutu ya kau da kai daga gare shi ba. Tun 1988 ruwa yake turo gawarwakin matasan Afirka bakin rairayin Tarifa, waɗanda suka shiga ƙananan kwale-kwale da dare suna neman Turai. Kusancin da ido yake gani yaudara ne, igiyar wurin tana da ƙarfi. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri.

Gabas da Tarifa, tafiyar kimanin awa guda a mota, Dutsen Jibralta yake tsaye, tsayinsa mita 426. Farin dutse ne da ya samu daga ɓawon ƙananan halittun teku, wato abin da yau ya yi tsiri a sama dā a ƙasan ruwa yake. Cikinsa kogwanni ne, a kansa kuma akwai birai 'yan ɗari kaɗan, su kaɗai ne biran daji a Turai. Nan jagoran rundunar Musulmi Ɗariƙu ɗan Ziyad ya sauka a 711, sunansa dutsen yake ɗauke da shi. A tsallake ga Sabta, inda aka haifi Alƙali Iyal a 1083, mai littafin Asshifa da ake karantawa a masallatanmu da zaurukanmu kowane azumi. Ya yi alƙalanci a Garnaɗa ta Andalus, wato shi ma ya ƙetare wannan ruwa.

Wanda ya zo har nan, kada ya koma bai shiga cikin ƙasar Sifaniya sosai ba. A Ƙurɗuba, garin Ibn Rushd da mai tafsiri Alƙurɗubi, akwai masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, mai ginshiƙai fiye da 850. An mai da shi majami'a tun 1236, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, gara mutum ya sani kafin ya shiga. A Garnaɗa kuwa, fadar Alhamra tana zaune a gindin duwatsun Siyera Nebada, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 3,479, ƙanƙara tana lulluɓe su rabin shekara. Ruwan da yake gudana a farfajiyoyinta daga kogin Daro aka jawo shi ta magudanar da aka haƙa tun ƙarni na 13, gangara kawai take kawo shi. Masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin yana fuskantar fadar, can ake samun jam'i. Tikitin Alhamra sai an saya da wuri, zafin Ƙurɗuba a Yuli da Agusta kuma yakan wuce digiri 40.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Satumba, zafi ya fara sauka, tsuntsaye suna kan ƙetarewa. Mai son ganin tuna da tsuntsaye masu komowa sai ya zo a Mayu. A ware wa Tarifa kwana uku ko huɗu, domin iskar gabas takan taso da ƙarfi ta yi kwanaki tana kaɗawa. Idan ta taso, jirgin ruwan da ke kai mutane Tanja ta Maroko cikin awa guda yakan fasa tashi, tsuntsaye ma su sauka a kan tudu su jira. Ranar da ta lafa, duk waɗanda suka taru suke tashi, tun daga hantsi har azahar.