Fuskar Agogo da Hukuncin Algus

A Djougou, tsohon zangon fataken goro a hanyar Gwanja, akan kawo wa mai gyaran agogo tsohuwar Seiko 5, ƙirar da aka fara a 1963, fuskarta ta koɗe. Ya halatta ya sake mata fenti?

Fiƙihun Malikiyya bai hana gyara ba. Ɓoye aibi ya hana, ya kuma ba mai saye ikon mayar da kaya.

Abin ya fi wuya a gwanjon Turai, inda baƙar fuskar Rolex da rana ta mayar ruwan ƙasa ta fi tsada, har wasu ke gasa fuskar da gangan. Wannan ma algus ne, ko da aibin ake tallatawa. Don gano algus, masana kan sa madubin ƙara girma, su bi rubutun fuskar harafi harafi.