Motsi, Tsayuwa da Ma'anar Adana Hoto

Tun zamanin Aflatun masana falsafa da dama suke ganin abin da ba ya sauyawa ya fi kusa da dawwama, motsi kuwa alamar lalacewa ce, kuma wannan tsohon ra'ayi ya samu fagen gwaji a cikin kyamarar dijital, inda ma'ajiya iri biyu suka yi gogayya a farkon ƙarnin nan. Ta farko ita ce Microdrive, faifai mai faɗin inci ɗaya da kamfanin IBM ya fitar a 1999 yana ɗaukar megabait 170 ko 340, wanda ke juyawa sau dubbai a minti guda yayin da wani siririn kai ke shawagi a samansa yana rubutu da maganaɗisu. Ta biyu ita ce ma'ajiyar filasha, wadda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980, SanDisk kuma ya sanya ta a katin CompactFlash a 1994. Babu abin da ke juyawa a cikinta, domin cajin lantarki take tsarewa a ƙananan ɗakuna masu katanga.

A wancan lokacin faifan ya fi araha idan aka auna da yawan abin da yake ɗauka, amma yana shan batir, faɗuwa ɗaya na iya sa kan ya karce shi, kuma da yake iska ce ke ɗage kan, ba a son aiki da shi a tsaunukan da suka haura mita 3,000. Da farashin filasha ya karye sai kasuwa ta juya wa faifan baya.

Sai dai wanda ya ɗauki wannan nasara hujja ga ra'ayin Aflatun ya yi gaggawa, domin tsayuwar filasha a ido kawai take: cajin yana zurarewa sannu a hankali, kowace gogewa tana cin katangar ɗakunan, katin da aka jefa a akwati shekaru yana iya rasa hotunansa ba tare da ko ƙarar gargaɗin da faifai kan yi ba. A nan malaman tauhidi na mazhabar Ash'ari sun fi kusa da gaskiya, su da suka koyar cewa sifofin halitta ba sa wanzuwa da kansu ko da lokuta biyu a jere, Allah ne ke sabunta su. Idan haka ne, adanawa aiki ne da ake maimaitawa, babu mazubin da ya mallake ta.

Sahabbai sun yi aiki da wannan fahimta bayan yaƙin Yamama, sa'ad da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a rubuce ba tare da an saki hadda ba, daga baya Sayyidina Usmanu ya sa aka kwafi mus'hafai aka aika birane daban-daban. Ƙwararrun masu ɗaukar hoto ma, duk da bambancin darajar abin da ake tsarewa, sukan nemi kyamara mai gurbin kati biyu, su kuma kwashe hotunan zuwa wata ma'ajiya kafin su goge katin.